Wasannin intanet kan sauyin yanayi: wanne ya dace da yaronka, wanne ne asarar data?

Yaran yanzu ba sa jiran a koya musu buga gem. Da an ajiye waya, ɗan shekara 6 ya san inda zai latsa ya shiga tseren mota ko harbe-harbe. Shi ya sa iyaye da malamai da dama suka koma tambayar cewa, tunda dai sai ya buga, shin babu wanda zai bar masa wani abu mai amfani a ka? Akwai. A fannin sauyin yanayi da kula da muhalli ma suna da yawa, wasu kyauta, wasu na kuɗi. Sai dai kusan dukkansu a Amurka da Turai aka ƙirƙire su, domin yaran can, kuma hakan ya shafi abin da suke koyarwa.

Yaron da masu yin waɗannan wasanni suke hangowa, gidansu akwai mota, akwai na'urar ɗumama ɗaki, wuta ba ta ɗaukewa. Don haka saƙon da ake isar masa shi ne ya rage: ya kashe ƙwan lantarki, ya hau keke, ya daina zubar da abinci. A wurinsu saƙo ne mai kyau. Amma abin da nahiyar Afirka gaba ɗayanta ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa a shekara ba. Yaron Gashuwa ko na Tasawa ba shi ya ɗumama duniya ba, shi ne dai abin ya fara tararwa har gida: damina ta makara, ko ta zo da ruwan da zai kwantar da katanga, rairayi ya ci gona, rijiya ta ƙara zurfi. Abin da ya fi buƙatar koya shi ne yadda ake shirya wa bala'i kafin ya zo, da yadda ake farfaɗo da ƙasar da ta gaji, da sanin itatuwa da tsuntsayen garinsu tun suna nan. Da wannan zan auna wasannin, tare da tambayoyin da kowane mai gida zai fara yi: nawa ne kuɗinsa, wace na'ura yake so, data nawa yake ci, da wane harshe yake magana. Amsar ta ƙarshen in ba da ita tun yanzu: babu ɗaya a cikinsu da yake jin Hausa. Duk wanda aka zaɓa, ƙaramin yaro sai da babba a gefensa yana yi masa bayani.

Climate Kids: ƙofar shiga mafi sauƙi

Climate Kids sashen yara ne na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA. Kyauta ne, ba a buɗe asusu, babu talla, kuma a burauza ake bugawa ba tare da an sauke komai ba. Ƙananan wasanni ne da ba sa wuce 'yan mintuna. A OFFSET yaro na tare iskar kabon da motoci da tashoshin wuta ke fitarwa kafin ta taru a sama, yana kuma sauya su da masu aiki da makamashi mai tsafta. A Power Up yana tara lantarki daga hasken rana da kaɗawar iska. A Coral Bleaching yana ƙara wa ruwan teku zafi ya ga yadda murjanin ƙasan ruwa ke koɗewa ya koma fari. Recycle This kuma na jefa kowace irin shara a kwandon da ya dace da ita ne.

Ƙarfinsa shi ne kimiyyar da ke ciki ingantacciya ce, domin ta fito daga mutanen da taurarinsu na ɗan'adam ke auna zafin teku da yawan kabon a sama. Ɗan aji 4 zuwa 6 na firamare da ke son gane dalilin da ya sa kabon ke riƙe zafi zai samu bayani a gajerun rubuce-rubucen da ke tare da wasannin. Amma wasannin kansu ba su da zurfi. Yaro mai saurin yatsa zai iya tara maki a OFFSET bai san abin da yake tarewa ba, kuma cikin yini ɗaya ya gama da su ya nemi wani. Misalan ma sun yi nisa da shi: yaron da bai taɓa ganin teku ba, murjani ba zai taɓa masa zuciya ba. Wasan sharar ne kaɗai ake iya jawowa gida da sauƙi, in an nuna masa cewa 'yan gwangwan da 'yan jari-bola da ke sayen ƙarfe da gorar roba su ne masu wannan aikin a garuruwanmu, kuma ledar da ya jefar a kwata ita ce gobe za ta hana ruwa wucewa.

Stop Disasters: wanda na fi ba wa ƙarfi

Da za a ce in zaɓa wa ɗan shekara 9 zuwa 16 wasa ɗaya tak na kan allo, wannan zan ɗauka. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'o'i, UNDRR, shi ya fitar da shi tun 2007, daga baya aka sabunta shi yadda zai buɗe a burauzar zamani. Shi ma kyauta ne. Yana da Turanci, yana da Faransanci, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga yaran Nijar da Chadi da Kamaru.

Yaro zai zaɓi bala'i ɗaya cikin biyar: ambaliya, gobarar daji, guguwar teku, girgizar ƙasa, ko igiyar tsunami. Sai a damƙa masa gari, da kuɗi ƙayyadajje, da lokaci ƙayyadajje, a ce ya samar wa mutane kaza matsuguni, ya gina asibiti da makaranta, ya kuma kare su. Shi zai yanke inda za a yi ginin, bakin kogi ko kan tudu. Shi zai zaɓi ko ya ƙarfafa gidajen da ke nan, ko ya yi shingen tare ruwa, ko ya dasa itatuwa, ko ya sa na'urar gargaɗi, ko ya kashe kuɗin wajen koya wa mutane hanyar tsira. Kuɗin ba ya isar duka, kuma nan ne darasin yake. Lokaci na cika ruwa zai zo ya bi ta kan abin da ya gina, sannan a nuna masa rahoto kamar na jarida: mutum nawa suka rasu, nawa suka jikkata, dukiyar nawa ta salwanta. Yaron da ya gina makaranta a kwari don ya fi sauƙi zai ga sakamakon da idonsa, kuma a zagaye na biyu ba sai an ce masa ya matsar da ita ba.

Dalilin da ya sa na fifita shi ba ɓoyayye ba ne. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan 1 da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. A daminar 2024 ɗin ce kuma tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama. Yaranmu sun ga waɗannan a waya, wasu kuma a cikinsu suka kwana. Wasan na koya musu abin da manya da yawa ba su riƙe ba: yawan ruwa kaɗai ba shi ke tantance yawan asara ba, akwai inda aka yi gini, akwai ko gargaɗi ya iso da wuri, akwai ko mutane sun san inda za su nufa. Ɗaukar mataki bai saɓa wa tawakkali ba, kuma yaron da ya gane haka tun yana ƙarami zai zama magidancin da ba zai sayi fili a kan hanyar ruwa ba. Malami zai iya haɗa wasan da hasashen ambaliya da NIHSA, hukumar da ke auna ruwan koguna a Najeriya, ke fitarwa kowace shekara kafin damina, a duba ko ƙaramar hukumarsu na cikin wuraren da aka ambata.

Yana da nasa raunin. Garin da ke cikin wasan ambaliyar irin na Turai ne, ba gidajen ƙasa da soro da zaure ba. Fari kuma, wanda tun 1973 da 1984 iyayenmu ba su manta da shi ba, ba ya cikin bala'o'i biyar ɗin. Akwai karatu da yawa a ciki, kuma a ƙaramin allon waya latsa gidajen na wahala, ya fi daɗi a kwamfuta ko babbar waya. Ba ya kuma bayyana yadda sauyin yanayi ke faruwa, sai dai a haɗa shi da bayanan NASA. Abu ɗaya da nake roƙon iyaye da malamai su kula da shi: yaron da ruwa ya ci gidansu ko ya rasa wani nasa, kada a tura masa wannan wasan haka kawai. Rahoton ƙarshen na ƙirga mamata ne. A tambaye shi tukuna, in ya yarda a zauna tare da shi.

Minecraft Education: mai kyau, mai tsada

Yaran birni da yawa sun riga sun san Minecraft, wasan da ake gina komai da tubala masu kusurwa huɗu. Kamfanin Microsoft ya sayi Mojang na ƙasar Suwidin, masu wasan, a 2014, ya kuma fitar da na makarantu a 2016. A cikinsa akwai duniyoyi da aka shirya domin darasi. Climate Futures ya fito a 2021 da haɗin gwiwar hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya. A 2022 aka yi na Frozen Planet II tare da BBC, inda yaro ke shiga jikin dabbobin yankunan ƙanƙara ya ga yadda narkewarta ke wahalar da su. Hukumar muhalli ta Ingila ma ta yi nata, Rivercraft, wanda aka kwaikwayi aikin kare birnin Preston daga ambaliya.

A nan yaro da hannunsa yake gini, kuma aji guda na iya shiga duniya ɗaya su yi aiki tare, wannan na haƙa magudana, wancan na dashe. Abin da ya fi burge ni shi ne malami na iya gina tasa duniyar daga tushe. Zai iya kwaikwayon fadamar Haɗeja da Nguru, ya sa ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa kamar yadda ta yi a zahiri, ya ce yara su nemo yadda ruwa zai isa gonakin shinkafa ba tare da masunta da makiyaya sun rasa nasu ba. A duk wasannin allo da na kawo, wannan ne kaɗai ake iya shigar da ƙasarmu a ciki.

Amma sharuɗɗansa na da nauyi. Bayan 'yan darussan gwaji na kyauta, ana biyan lasisi duk shekara a kan kowane ɗalibi, kuma farashin da dala aka yanka shi. Sauke manhajar na cin ɗaruruwan megabait, tana son na'ura mai ɗan ƙarfi, tana son wuta. Sama da duka tana son malamin da ya iya ta, domin in babu jagora yara za su watsar da darasin su koma gina benaye da haƙar ma'adinai. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta da sola da malami mai sha'awa, wannan ya dace da ita. Uban da ke da waya ɗaya a gida kada ya wahalar da kansa.

Terra Nil, da abin da manoman Maraɗi suka fi shi sani

Wannan daga Afirka ya fito: kamfanin Free Lives na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu ne ya yi shi, ya fita a 2023. Yawancin wasannin gini suna farawa da daji a ƙare da birni. Shi kuwa da matacciyar ƙasa yake farawa, busasshiya, mai guba. Za ka kafa fankokin samar da lantarki daga iska, ka sa injin tsaftace ƙasa, ka kawo ban-ruwa, ciyawa ta tsiro. Daga nan ka cika busassun koramu, ka yi fadama, ka yi kurmi, har wani wurin sai ka saki wuta da gangan domin tokar ta zama taki ga itatuwa. In danshi ya kai, ruwan sama ya sauko da kansa, dabbobi su dawo ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda wurin ya dace da su. A ƙarshe sai ka kwashe duk injinan da ka kafa ka bar wurin.

Babu abokin gaba, babu harbi, karatun ciki kuma kaɗan ne, don haka rashin Turanci ba ya hana yaro gane shi kamar yadda yake hanawa a sauran. Yana koyar da abu mai muhimmanci: farfaɗo da ƙasa na da tsari, wani abu ba ya yiwuwa sai wani ya riga shi, kuma ruwa da ciyawa da itace da dabba a ɗaure suke da juna. Na kuɗi ne: a kwamfuta saye ake yi, a waya kuma ga masu rajistar Netflix, manhajar kallon fina-finai, aka fara fitar da shi.

Inda nake da ja da shi shi ne babu mutum ko ɗaya a ƙasar da ake rayawa. Inji ne ke yin komai, kuma nasara ita ce a tafi a bar wa dabbobi. Yaron da ya tsaya a nan zai ɗauka gyaran ƙasa aikin manyan injina ne da kuɗin Turawa. Alhali ɗaya daga cikin manyan ayyukan farfaɗo da ƙasa da aka taɓa yi a Afirka, Hausawa manoma ne suka yi shi da adda da wuƙa. A farkon shekarun 1980, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sarewa duk shekara wajen sharar gona ba ciyayi ba ne, tofon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Manoma suka fara barin reshe ɗaya ko 'yan kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, su sassabe sauran, su kare shi daga dabbobi. Ana kiran dabarar sassaben zamani. Ta bazu daga gona zuwa gona a Maraɗi da Damagaram, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo na cikin waɗanda suka fi dawowa, kuma kowane manomi ya san dalili: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa kuma amfani ya fi kyau. A yankin Tawa ma da ramukan tassa da rabin-wata, waɗanda ake haƙawa domin su riƙe ruwan sama, aka dawo da faƙo ya koma gona. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wanda a Najeriya ya shafi jihohi 11 na arewa daga Kebbi zuwa Borno, ya koyi darasi da yawa daga waɗannan manoma. Duk wanda ya saya wa ɗansa Terra Nil, ya haɗa masa da wannan labarin, in da hali ma ya kai shi gonar da ake yin haka.

Na manyan ɗalibai, da biyu da za a iya tsallakewa

Jaridar Financial Times ta Landan ta fitar da The Climate Game a 2022, kyauta a burauza. Ana naɗa mai wasan minista na duniya baki ɗaya, a ba shi maki 100 na ƙoƙari, ya raba su a zagaye uku har zuwa 2050 tsakanin lantarki da gine-gine da sufuri da masana'antu. Kowace shawara na da farashi, a ƙarshe kuma a nuna masa ko ya riƙe ƙarin zafin duniya a digiri 1.5 kamar yadda yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sa a gaba. Alƙalumansa sun dogara ne da binciken hukumar makamashi ta duniya, IEA. Tambaya da amsa ne kusan dukkansa, saboda haka ba ya cin data sosai. Turancinsa na jarida ne, ya fi ƙarfin ɗan firamare, amma ga 'yan babbar sakandare da ƙungiyar muhawara ta makaranta abu ne mai kyau. Daga mahangar ƙasashe masu masana'antu yake kallon duniya, don haka bayan an gama sai malami ya jefa musu tambayar da ta shafe mu: Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 kabon da take fitarwa ba zai wuce wanda ake janyewa daga iska ba, to yaya za a yi hakan a ƙasar da miliyoyin gidaje ba su da wuta, kuma da icce da gawayi ake girki?

Reset Earth na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 2021, wasan waya ne mai kyan zane, amma a kan lemar ozon yake, wato iskar da ke can sama tana tare hasken rana mai cutarwa, da yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare ta. Wannan wata matsala ce daban da ɗumamar yanayi, kuma yara sun riga sun saba cakuɗa su, don haka kada a fara da shi. Mission 1.5 na UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma an yi shi ne a 2020 domin tattara ra'ayin jama'a, aka samu amsoshin mutum miliyan 1.2 daga ƙasashe 50. Ya yi aikin da aka yi shi dominsa, amma a matsayin wasa bai da abin da zai riƙe yaro.

Seek: wanda ke fitar da yaro waje

Seek manhajar waya ce ta ƙungiyar iNaturalist, kuma ta bambanta da duk na sama. Yaro zai ɗora kyamara a kan ganye ko ƙwaro ko tsuntsu, manhajar ta yi ƙoƙarin faɗin sunansa. Kowane sabon nau'in da ya samu yana ƙara masa lambar yabo, akwai kuma ƙalubale da ake sabuntawa, kamar a ce ya nemo nau'in tsirrai kaza. Kyauta ce, ba a buƙatar asusu, ba ta wallafa hotunan yaro ko inda yake, kuma bayan an sauke ta tana iya gane abubuwa ko babu sabis. Ga mai lissafin data, wannan babban sauƙi ne.

Ba ta cewa komai a kan kabon, amma a fannin kiyaye halittu ita ce ta fi kusa da abin da nake so wa yaranmu. Wanda bai san sunan itace ba, ranar da aka sare shi ba zai ji an rasa komai ba. Yaran birni da yawa yanzu ba sa bambance aduwa da magarya, ko kalgo da sabara, ba su san shamuwa ce ke shelar damina ba. Ungulu da a da take cika mahauta, yau sai a daɗe ba a ga ɗaya ba, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin wadda muka saba gani a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A gefe guda, raƙuman dawa na Kure a Nijar, da suka ragu zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990, sun haura 600 bayan da aka tsaya kare su tare da mutanen ƙauyukan wurin. Yaron da ya saba duba abin da ke raye a kewayensa shi zai gane nauyin labaran nan biyu.

Rauninta daga inda ta koyi aikinta yake. Da hotunan da mutane suka ɗora aka horar da ita, kuma mafi yawansu daga Amurka da Turai suke. Kuka da tsamiya da darbejiya da tumfafiya ba sa ba ta wahala sosai, amma ƙananan tsirran daji da ƙwarinmu sau da yawa takan tsaya a sunan dangi, ta kasa kaiwa ga ainihin nau'in. Sunan da take bayarwa kuma na Turanci ne ko na Latin. Ni ban ɗauki wannan a matsayin cikas ba: yaro ya samu littafi ya rubuta abin da waya ta ce, sannan ya kai ganyen wurin kakarsa ko wani tsohon manomi ko mai maganin gargajiya ya ji sunan Hausa da amfaninsa. Ilimin da zai samo a wurinsu ya fi na manhajar yawa. A dai ja masa kunne: kada ya ɗaga dutse da hannu ko ya sa hannu a rami saboda kunama da maciji, kada ya ci wani abu don waya ta faɗi sunansa, kada kuma ya shiga daji shi kaɗai.

To wanne za a ɗauka?

Gidan da ke da waya ɗaya da data ta lissafi, Seek ce ta farko, kuma ko ɗan shekara 6 zai iya da ita in yayansa ko yayarsa na tare da shi. In yaron ya kai ajin ƙarshe na firamare kuma yana karanta Turanci, a ƙara masa Climate Kids na ɗan lokaci domin ya gane tushen matsalar, sannan a wuce da shi Stop Disasters. Yaran da ke karatu da Faransanci su fara da Stop Disasters kai tsaye. Mai hali da kwamfuta a gida, wanda ɗansa ke son wasa mai tsawo, Terra Nil ya fi masa wasannin harbi nesa ba kusa ba. Minecraft Education shawarar hukumar makaranta ce, kuma kafin a biya kuɗin lasisi a tabbatar akwai malamin da zai riƙe shi, in ba haka ba kuɗin sun tafi a banza.

A yi hattara da tarin wasannin da ke rumbun manhajoji masu koren tambari da sunan muhalli. Da yawansu talla ce ke cike da su, wasu na neman yaro ya sayi abubuwa a ciki, wasu kuma na cewa kowane wasa na dasa itace ba tare da sun nuna inda ake dasawa ko wanda ke dasawa ba. A duba sunan wanda ya yi manhajar kafin a sauke, a kuma rufe hanyar biyan kuɗi a wayar da yaro ke riƙewa.

Malamin da ke da kwamfuta ɗaya da aji mai ɗalibai 60 ma bai rasa hanya ba. Ya raba ajin gida huɗu ko biyar, wannan rukuni masu kula da gidaje, wancan asibiti da makaranta, wani shinge da dashe, wani gargaɗi da hanyar tsira, a sa ɗalibi ɗaya ya riƙe lissafin kuɗi a allo. Kowane rukuni ya kare buƙatarsa da Hausa kafin a latsa komai a Stop Disasters. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, domin washegari a fita da su a zagaya makarantar da unguwar, su nuna inda ruwa ke kwanciya, da magudanar da ta toshe, da tudun da za a nufa in ruwa ya yi yawa, su rubuta su kai wa shugaban makaranta da mai unguwa.